Wa za a fara harbi? Tambayar da ke raba gardama a yaƙin dubban jirage na wasan EVE Online

A ranar 27 ga Janairun 2014, dubban mutane daga sassa daban-daban na duniya suka zauna a gaban kwamfutocinsu, suka gwabza wani yaƙi da ya ɗauki kimanin awa 21. Ko ɗigon jini bai zuba ba, domin a cikin wasan kwamfuta na EVE Online aka yi shi. Amma da ƙura ta lafa, an ƙiyasta cewa darajar jiragen da aka ragargaza ta kai dala dubu 300 zuwa dubu 330.

Cikin abin da aka yi asara har da jirage 75 samfurin Titan, waɗanda su ne mafi girma da tsada a wasan. Ɓangare ɗaya ya rasa 59, ɗaya ɓangaren kuma 16.

Dalilai da dama ne suka haddasa wannan tazara. Amma akwai guda ɗaya da masu wasan suke yawan komawa kansa har yau: ana tsakiyar gumurzu, ɗaya daga cikin rundunonin ta zaɓi wani jirgi ta tattara wutarta a kansa, jirgin kuma ya ƙi mutuwa da wuri.

Wannan shi ne abin da ake kira zaɓen abin hari. A irin waɗannan wasanni, tara jirage masu yawa bai wadatar ba. Sai kwamanda ya san wanda za a fara harbi, da wanda zai biyo baya, da kuma lokacin da ya kamata a haƙura da wani a koma kan wani.

Wane irin wasa ne wannan?

Kamfanin CCP Games da ke birnin Reykjavik na ƙasar Aisland ne ya fitar da EVE Online a shekarar 2003. Wasa ne na sararin samaniya da ake yi ta intanet, inda kowane ɗan wasa yake tuƙa jirginsa a wata duniya mai yankunan taurari fiye da 7,000.

Abu biyu ne suka bambanta shi da yawancin wasanni. Na farko, kusan duk masu wasan suna haɗuwa ne a duniya guda, ban da na ƙasar Sin da ke da tasu daban. Na biyu, jirgin da aka tarwatsa ya tafi ke nan, babu maɓallin da za a danna ya dawo.

Mafi yawan jiragen kuwa masu wasan ne da kansu suke ƙera su. Wasu su haƙo ma'adinai, wasu su yi dakonsu, wasu su ƙera, wasu su sayar a kasuwa da kuɗin wasan da ake kira ISK. Jirgin Titan guda yakan ci makonni ana ƙera shi, bayan an daɗe ana tara kayan haɗinsa.

Da yake ana iya sayen wata kadara da ake kira PLEX da kuɗin gaske, sannan a sayar da ita a cikin wasan a karɓi ISK, ana iya auna darajar kowane jirgi da dala. Daga nan ne ake samo alƙaluman asarar da ake ambatawa. Ba wai an zare dalolin daga aljihu aka ƙona ba ne, ƙiyasi ne na abin da dukiyar za ta kai. Sai dai ga wanda ya shafe watanni yana tarawa, zafin rashin na gaske ne.

Me ya sa ake yin rubdugu?

Kafin a zo ga wanda za a zaɓa, akwai buƙatar a fahimci dalilin da ya sa ake taruwa a kan jirgi ɗaya tun farko.

A ɗauka akwai runduna biyu, kowacce da jirage goma masu ƙarfi iri ɗaya. Kowane jirgi yana yin harbi ɗaya a kowane zagaye, ba ya kuskure, kuma sai an same shi sau goma kafin ya tarwatse.

Runduna ta farko ta yanke shawarar yin rubdugu, wato duk su goman su harbi jirgi ɗaya. Ta biyu kuma ta warwatsa wutarta, kowa ya harbi wanda ya ga dama.

A zagayen farko, runduna ta farko ta kakkaɓe jirgi guda. Ta biyu kuma ta yi wa kowane jirgi ƙwarzane ɗaya. A zagaye na biyu, masu rubdugu suna nan su goma cif, abokan karawarsu kuwa sun koma tara. Haka za a ci gaba: takwas, bakwai, shida, har zuwa ɗaya.

Idan aka haɗa duk harbin da runduna ta biyu ta samu damar yi, 55 ne kacal. Da aka raba shi a kan jirage goma, kowanne ya sha biyar ko shida, babu wanda ya kai goma. An shafe runduna guda kaf, ɗayar kuma ba ta rasa ko jirgi ɗaya ba, alhali da ƙarfi ɗaya suka fara.

Sirrin shi ne, jirgin da ya ji rauni yana harbi da ƙarfi daidai da mai lafiya. Wanda ya mutu ne kawai yake daina harbi. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai, haka ma wutar da aka warwatsa.

Wannan lissafi ya girmi kwamfuta. Wani injiniya ɗan Birtaniya mai suna Frederick Lanchester ya bayyana shi a littafin da ya wallafa a 1916. Ya nuna cewa a yaƙin da kowa zai iya harbin kowa daga nesa, wanda ya ninka abokin gabarsa yawa sau biyu ya fi shi ƙarfi sau huɗu ne, ba sau biyu ba. Saboda haka duk jirgin da aka kawar da wuri yana ƙara faɗaɗa tazarar da ke tsakani.

Mutum ɗaya ke kiran suna

A EVE Online, ayari ɗaya yana iya ɗaukar mutum 256, manyan ƙawance kuma sukan fito da ayari da yawa a lokaci guda. Kowane ayari yana da kwamanda, kuma duk suna sauraronsa ta manhajar magana irin su Mumble ko TeamSpeak ko Discord.

Da zarar an yi arba da abokan gaba, kwamanda zai duba jerin jiragensu a allonsa, ya kira sunan wanda za a fara harbi, ya kira na biyu da za a tanada. Yakan kuma tura alama ta cikin wasan domin kowa ya danna ba tare da ya tsaya neman suna ba.

Dalilin kiran na biyu tun kafin na farko ya mutu shi ne, ba a harbi sai na'urar jirgi ta kama abin harin, kuma kamun yana ɗaukar daƙiƙoƙi. Babban jirgi yakan daɗe kafin ya kama ƙarami. Idan aka jira sai na farko ya tarwatse kafin a fara kama na biyu, bindigogin ayarin gaba ɗaya za su yi shiru na ɗan lokaci, wanda kuma kyauta ce aka bai wa abokan gaba.

Akwai kwamandojin da, idan jiragen abokan gaba duk iri ɗaya ne, sukan umarci mutanensu su jera sunaye bisa haruffa, a riƙa bi daga sama zuwa ƙasa. Wanda bai san wasan ba zai ɗauka rashin dabara ne. Amma idan babu wanda ya fi wani muhimmanci, saurin zaɓe ya fi kyawun zaɓe amfani.

Jiragen gyara, ciwon kan kowane kwamanda

Da a ce lissafin goma da goma ne kaɗai, da babu wata wahala. Abin da ya dagula shi shi ne jiragen gyara.

Waɗannan jirage ne da ba sa yaƙi, aikinsu shi ne ɗinke ɓarnar da aka yi wa 'yan uwansu daga nesa, ana cikin faɗa. Fitattu daga cikinsu su ne Guardian da Oneiros masu gyaran sulke, da Basilisk da Scimitar masu gyaran garkuwa. Da zarar matuƙi ya ga an fara kama jirginsa, sai ya tura alamar neman agaji, masu gyara su juyo kansa.

A nan lissafin yake sauyawa. Idan ayari yana yin ɓarna 100 a kowace daƙiƙa, masu gyaran abokan gaba kuma suna ɗinke 120, to ko za a kwana ana harbi jirgin ba zai mutu ba. Harsashi kawai ake ƙonawa.

Hanyoyi huɗu aka fi bi wajen warware wannan.

Ta farko ita ce a kashe jirgin kafin gyara ya iso. Akan haɗa ayari na jirage masu manyan igwa irin su Maelstrom, waɗanda suke jinkirin sake ɗuri amma bugunsu ɗaya mai nauyi ne. Kwamanda zai ƙirga, kowa ya saki wuta lokaci guda. Idan lissafi ya yi daidai, jirgin zai tarwatse a take, masu gyara ba su ma kama shi ba.

Ta biyu ita ce wasa da hankalin masu gyara. A fara harbin wani har su taru a kansa, sai a juya farat ɗaya zuwa wani da aka riga aka kama. Su ma masu gyaran suna buƙatar lokaci kafin su kama sabon majinyaci. Akwai kuma wani bambanci da gogaggun kwamandoji suke lura da shi: gyaran garkuwa yana sauka ne a farkon zagayen na'urar, na sulke kuwa sai a ƙarshensa. Wato ayarin da ya dogara da sulke yana da 'yan daƙiƙoƙi na rauni fiye da mai garkuwa.

Ta uku ita ce a afka wa masu gyaran kansu. Sai dai su ma suna gyara junansu, kuma yawanci sukan tsaya can baya, inda wuta ba ta kaiwa sosai. A duk tsawon lokacin da ake fama da su, bindigogin abokan gaba suna aiki babu mai taɓa su.

Ta huɗu ita ce a hana su aiki ba tare da an kashe su ba, ta hanyar toshe na'urorinsu ko zuƙe musu makamashin da suke gyaran da shi.

Babu ɗaya daga cikin huɗun da take daidai a kowane lokaci. Abin da kwamanda yake kallo shi ne ma'aunin lafiyar abin harin. Idan yana sauka, a ci gaba. Idan ya tsaya cak ko ya fara hawa, an kama shi ke nan, a bar shi.

Ƙanana masu babbar illa

Sabon ɗan wasa yakan so a fara da jirgi mafi girma, domin shi ya fi cika ido, shi ya fi tsada. Gogaggu kuwa sukan fara duba ƙananan.

Akwai jiragen tarko, irin su Sabre, masu jefa wani ƙawanya da ke hana duk wanda ke cikinta tserewa. Jirgi ne ƙarami mai arha idan aka kwatanta da manya, amma muddin yana raye ayari guda zai iya maƙalewa a inda ba ya so. Ga rundunar da ke neman janyewa, babu abin hari da ya fi shi muhimmanci.

Akwai masu toshe na'ura, irin su Blackbird da Falcon, waɗanda guda ɗaya zai iya hana jirage da dama kama wanda suke so su harba ko su gyara. Ba su da kauri, don haka kawar da su ba ya cin lokaci, ribar kuma tana da yawa.

Akwai kuma jiragen da ke ƙara wa dukkan ayari ƙarfin sulke ko garkuwa ko gudu. Idan aka kashe ɗaya, kowane jirgi da ke ƙarƙashinsa ya ragu.

Amma sanin muhimmancin jirgi daban, iya samunsa daban. Manyan bindigogi ba sa iya bin ƙaramin jirgi mai gudu da ke zagaye a kusa. Kowane makami kuma yana da iyakar nisan da yake cin ƙarfinsa. Kwamandan da ya umarci manyan jirage su harbi ɗan ƙaramin jirgin tarko da ke wulgawa ya yi asarar zagaye guda. Shi ya sa akan ware wani rukuni na ƙananan jirage masu saurin kamu, aikinsu kawai farautar irin waɗannan, manyan kuma su fuskanci manya.

Har irin harsashin ma abin dubawa ne. Nau'in ɓarna huɗu ne a wasan, kuma kowane jirgi yana da wanda ya fi jurewa da wanda ya fi yi masa illa.

Idan aka tattara duka, ma'aunin ɗaya ne: me abokan gaba za su rasa idan wannan jirgi ya mutu, kuma daƙiƙa nawa zai ci kafin ya mutu? Jirgin da ke da rabin illar wani amma ana iya kashe shi cikin kashi ɗaya bisa biyar na lokacin, shi ya fi cancanta a fara da shi.

Sare kan maciji

Akwai wani abin hari da kullum yake jan hankali, wato kwamandan abokan gaba. An san sunayen fitattun kwamandoji, kuma manyan ƙawance suna da 'yan leƙen asiri a cikin junansu.

Amfanin a bayyane yake. Kwamandan da aka kawar daga filin daga ba ya ganin abin da ke faruwa, ba zai iya kiran suna ba. Sau da yawa kuma shi ne jagoran da sauran jiragen suke bi a baya, don haka idan ya faɗi sai ayari ya tsaya cirko-cirko.

Wannan dabara ta yi yawa har ta kai CCP ya fitar da wani jirgi na musamman mai suna Monitor a 2018, domin kwamandoji. Yana da matuƙar wuyar kashewa, amma kusan ba ya iya yi wa kowa ɓarna. Rundunoni masu tsari kuma sukan tanadi mataimaka biyu ko uku da za su karɓi ragama nan take.

Matsalar ita ce, kowa ya san za a nemi kwamanda. Saboda haka shi ne yake hawa jirgi mafi kauri, kuma masu gyara sun riga sun kama shi tun kafin a fara harbi. Wanda ake ganin ya fi kowa daraja shi ne kuma ya fi kowa tsadar kashewa.

Abin da ya faru a B-R5RB

Wannan ne ya dawo da maganar kan yaƙin 2014, wanda aka yi a yankin da ake kira B-R5RB.

Rikicin ya samo asali ne daga kuɗin riƙe yanki da ake biya a cikin wasan, wanda bai shiga a kan lokaci ba. Hakan ya sa yankin, wanda sansani ne na ƙawancen N3 da Pandemic Legion, ya zama a buɗe. Abokan hamayyarsu, wato ƙawancen CFC da wasu ƙungiyoyin 'yan Rasha, suka yi wuf suka shigo. Kowane ɓangare ya fito da manyan jiragensa.

Matuƙa 7,548 ne suka shiga yaƙin gaba ɗaya, kuma an kai lokacin da 2,670 suke cikin yankin a tare.

Idan cunkoso ya kai haka, kwamfutocin kamfanin ba sa iya ɗaukar nauyin umarnin kowa a kan lokaci. Tun 2012 CCP ya shigo da tsarin rage gudun lokaci, inda agogon wasan yake iya sauka zuwa kashi 10 cikin 100. Abin da ya kamata ya ɗauki minti ɗaya sai ya ɗauki goma. Babban makamin Titan, wanda a lokacin ake jiran minti goma kafin a sake harba shi, ya koma sai an jira fiye da awa ɗaya da rabi.

A irin wannan yanayi, kowane suna da kwamanda ya kira yana iya cin awa guda ko fiye na rayuwar mutane, kuma gyara kuskure yana da tsada.

Da farko ɓangarorin biyu sun yi ta musayar asarar Titan, N3 da Pandemic Legion ma suna ganin alamun nasara. Daga nan suka tattara wutarsu a kan Titan ɗin wani kwamanda na ɗaya ɓangaren da aka sani da laƙabin Sort Dragon. Jirgin nasa yana da juriya sosai, mutanensa kuma suka taru a kansa da gyara.

A ƙarshe jirgin ya tarwatse. Amma a tsawon lokacin da aka ɗauka ana fama da shi, ɗaya ɓangaren ya kakkaɓe Titan biyar. Kowane Titan da ya faɗi kuwa babban makami guda ne ya fita daga lissafi, don haka tazarar ta ci gaba da buɗewa kamar yadda Lanchester ya bayyana.

Ba wannan kaɗai ne ya yanke hukunci ba. CFC ta tura ƙananan ayari sun tare hanyoyin da agaji zai biyo, kuma jiragen tarko sun hana waɗanda ke ciki ficewa. Yaƙin bai tsaya ba sai da aka kashe wasan domin gyaran da ake yi kullum da ƙarfe 11 na safe agogon GMT, wato 12 na rana agogon Najeriya da Nijar, a ranar 28 ga Janairu.

Daga baya kamfanin ya kafa wani abin tunawa a yankin, mai suna Titanomachy, inda ɓaraguzan jiragen suke shawagi. Tarihin da yaƙin ya kafa ya tsaya har ƙarshen Disamban 2020, lokacin da aka tarwatsa Titan 257 a yaƙin M2-XFE, wanda ya shiga kundin bajinta na Guinness.

Sojojin ruwa na gaske ma sun faɗa wannan rami

Kuskuren zaɓen abin hari ba a wasa aka fara shi ba.

A ranar 24 ga Janairun 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, jiragen ruwan Birtaniya ƙarƙashin David Beatty suka fafari na Jamus a yankin Dogger Bank. An yi kuskure biyu masu saɓa wa juna a rana guda.

Na farko, jirgin Tiger ya harbi jirgin da wani ɗan uwansa yake harbi, aka bar jirgin Jamus mai suna Moltke babu mai taɓa shi, ya samu sukunin auna jirgin Beatty hankali kwance. A teku, jirgin da ba a harbinsa ya fi iya saiti, saboda babu ruwa da hayaƙi da girgiza da ke damun masu bindigarsa. A nan ne teku ta bambanta da EVE, inda harbin jirgi ba ya rage masa iya saiti.

Na biyu, bayan jirgin Beatty ya ji rauni ya koma baya, sai aka yi wa tutocin umarninsa gurguwar fahimta. Sauran jiragen suka taru a kan Blücher, wanda dama ya riga ya nakasa ba zai iya gudu ba. Sun nutsar da shi, amma manyan jiragen Jamus uku suka tsere.

A yaƙin Midway kuma, ranar 4 ga Yunin 1942, jiragen saman Amurka da suka taso daga jirgin Enterprise sun samu ruɗani, kusan dukkansu suka nufi jirgin dakon jirage na Japan mai suna Kaga. Wani matuƙi, Richard Best, ya lura da haka, ya janye tare da jirage biyu suka nufi Akagi. Bam ɗaya ne ya faɗa kan Akagi kai tsaye, kuma shi ya yi ajalinsa. Da duk sun bi Kaga, da Akagi ya tsira daga harin.

Darasin shi ne, rubdugu ma yana da iyaka. Idan jirage 20 sun isa su kashe abin hari, aka sa 200 suka harbe shi, harbin 180 ya tafi a banza. Shi ya sa kwamandojin manyan ayari a EVE sukan raba mutanensu gida biyu ko uku, kowane rukuni da nasa abin harin, idan suka ga wutar ta yi wa jirgi ɗaya yawa.

Har bayan jirgi ya tarwatse ma akwai zaɓi. Matuƙin yakan fito a cikin wani ɗan ƙaramin ƙwanso. Idan aka fasa ƙwanson, nan take zai farka a sansaninsu, inda zai iya hawa sabon jirgi ya dawo. Don haka wani lokaci barinsa ya yi ta yawo a fili ya fi kashe shi amfani.

Ga mai wasa a waya

Ba sai mutum yana da babbar kwamfuta ba kafin ya ci karo da wannan tambaya. A watan Agustan 2020, CCP da kamfanin NetEase na ƙasar Sin suka fitar da EVE Echoes domin wayoyin hannu, kuma can ma akwai ayari da kwamanda da jiragen gyara da na tarko.

A wasu wasannin kuma salon ne ya bambanta. A Stellaris, wanda kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar a 2016, ɗan wasa ba ya nuna wa kowane jirgi wanda zai harba. Shawarar tana komawa ne tun wajen ƙira: wane makami za a ɗora, wace na'urar sarrafa yaƙi za a saka, jirgin zai kutsa kusa ne ko zai tsaya daga nesa. Wanda ya cika ayarinsa da manyan bindigogi kawai zai sha wuya a hannun tarin ƙananan jirage.

Kowane wasa ne dai, tambayoyin da gogaggu suke yi wa kansu kafin su kira suna ba su wuce huɗu ba. Makamanmu za su same shi daga inda muke? Zai mutu kafin gyara ya iso? Me abokan gaba za su rasa idan ya mutu? Su wa muka ƙyale suna harbinmu a wannan lokaci?

Sai kuma abin da ya fi duka wuya, wato haƙura. Idan an shafe mintuna ana dukan jirgi har ya kusa mutuwa, sai gyara ya kama shi, zuciya takan ce a ƙara daurewa kaɗan, kada wahalar da aka sha ta tafi a banza. Amma harsashin da aka riga aka harba ba ya dawowa, ko an ci gaba ko an bari. Abin da ya rage a hannun kwamanda shi ne harbi na gaba.

Ga sauran mutum 255 da ke cikin ayarin kuwa, aikinsu ya fi sauƙin faɗa: su harbi wanda aka kira, ko da suna ganin akwai wanda ya fi shi. Ayarin da ya taru a kan zaɓi mai rauni yakan doke wanda kowa yake bin nasa kyakkyawan zaɓin shi kaɗai, kamar yadda lissafin goma da goma ya nuna.